Ranakun hutun ƙasa da talabijin: Kada mu bari tarihinmu ya ruɓe a cikin kaset

A duk ranar 1 ga Oktoba, da misalin ƙarfe 7 na safe, abu ɗaya ake yi a Najeriya. Gidajen rediyo da talabijin za su jona da NTA da Rediyon Najeriya, a sa taken ƙasa, sai shugaban ƙasa ya bayyana a gaban tuta ya karanta jawabinsa da Turanci. Kafin a yi rabin awa an gama. Daga nan kowace tasha ta kama gabanta: wata ta sako fareti, wata ta tara masu sharhi, wata kuma ta shiga jero saƙonnin taya murna da 'yan siyasa suka biya aka sa.

Amma mutum nawa ne ke zaune a gaban akwatin a wannan lokaci? A unguwanni da yawa babu wuta. Inda akwai, matasan gidan suna barci, ko kuma idonsu na kan waya. Mai shayi da ɗan acaɓa da mai kayan miya kuwa tuni sun fita nema, domin su ba su san wani abu wai shi hutu ba. Akasarin masu karanta wannan rubutu ma, abin da zai iso musu daga jawabin bai wuce guntun bidiyo na daƙiƙa 30 ba, wanda wani ya yanko ya ɗora a Facebook ko TikTok don ya yaba ko ya kushe.

A ra'ayinmu, ranakun hutun ƙasa suna neman zama ranakun barci da wanki kawai, kuma wani ɓangare na laifin yana kan yadda muka yi watsi da gidajen talabijin na gwamnati da taskar tarihin da ke jibge a cikinsu. Abu ne mai gyaruwa. Sai dai gyaran yana buƙatar hanzari, saboda kaset ɗin da ke ɗauke da wannan tarihi yana lalacewa ne a kullum, ko an yi kasafin kuɗi ko ba a yi ba.

Daga Ibadan zuwa Kaduna

Siyasa ce ta kawo talabijin Najeriya. A 1953, lokacin rikicin siyasar neman mulkin kai, Gwamna John Macpherson ya shiga gidan rediyon gwamnatin mulkin mallaka ya soki jam'iyyar Action Group. Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani a kafar da aka soke shi, aka hana shi. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen watsa labarai, gwamnatin Jihar Yamma ba ta yi sanya ba. A ranar 31 ga Oktoba, 1959, tashar WNTV ta fara aiki a Ibadan, ita ce ta farko a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara.

Jihar Gabas ta bi sahu a watan Oktoban 1960 da tasharta a Inugu. Arewa kuwa sai a watan Maris na 1962 gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna, wato RKTV, ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, BCNN. Gwamnatin Tarayya ce ma ta zo a ƙarshe, da tasharta ta Legas a watan Afrilun wannan shekara.

Ma'anar wannan ita ce, a daren da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, babu wani mutumin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da ya ga abin a talabijin. A rediyo iyayenmu da kakanninmu suka ji muryar Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa yana karɓar takardun mulki daga hannun Gimbiya Alexandra. Hoton kuwa sai daga baya ya iso musu ta hanyar majigi, wadda ake kai wa ƙofar fada ko filin kasuwa da daddare, a kafa farin ƙyalle, mai fassara ya tsaya a gefe yana bayani da Hausa.

Ya kamata mu lura da wannan mai fassarar. Tun a wancan zamani an fahimci cewa hoto kaɗai ba ya isar da saƙo sai an yi wa mutane magana da harshen da suke ji.

Lokacin da akwatin ya haɗa kan jama'a

Bayan yaƙin basasa, jihohi sun ci gaba da kafa tashoshinsu. Tashar Jihar Binuwai-Filato da ke Jos ce ta fara watsa shirye-shirye masu kala a 1975. Daga nan gwamnatin soja ta haɗe duka tashoshin a ƙarƙashin hukuma ɗaya, ta kafa NTA da Doka ta 24 ta 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC a Legas da Kaduna. Tun daga lokacin labaran ƙarfe 9 na dare suka zama abin da ake gani lokaci guda daga Kalaba har Katsina.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, jihohin da 'yan adawa ke mulki suka ga cewa tashar tarayya ta karkata ga jam'iyya mai mulki, sai suka koma kafa nasu. Haka gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. Sai a 1992 Doka ta 38 ta kafa hukumar NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, inda daga baya aka samu tashoshi irin su Channels da AIT.

Duk wanda ya taso a shekarun 1980 zuwa 1990 ya san yadda abin yake. Gida ɗaya ko biyu ne ke da akwatin a layi, wani mai ƙofa, wani da batirin mota ake kunna shi, eriya kuma tana can saman gora. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma. Yara su wanke ƙafa su yi layi a tsakar gidan maƙwabta, su zauna a kan tabarma ana kallon Samanja Mazan Fama ko Karkuzu ko Ƙasimu Yero. Ranar hutu kuwa ta daban ce, domin tasha takan buɗe tun da safe. Ana nuna faretin 'yan makaranta, kowa yana leƙen ko zai hango ƙaninsa ko ɗansa. Ranar Sallah a nuna Idi da hawan sarki. A daren da ake duban wata, gari ya yi tsit ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato.

Ba muna cewa komai na da ya fi na yanzu ba ne. Tashar gwamnati a lokacin soja abin da masu mulki suke so take faɗa, kuma talaka ba shi da zaɓi. Amma akwai abu ɗaya da ba za a musa ba: jama'a suna kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya, washegari kuma shi ake tattaunawa a majalisa da kasuwa da ofis.

Jawabin da ake saurare da fargaba

Dalilin da ya sa mutane suke kasa kunne a ranakun nan shi ne, jawabin yakan zo da abin da zai taɓa rayuwarsu kai tsaye.

A ranar 1 ga Oktoba, 1974, Janar Yakubu Gowon ya shaida wa ƙasa cewa alƙawarin miƙa mulki a 1976 ba zai yiwu ba. Bai cika shekara ba aka hamɓarar da shi. A ranar 1 ga Oktoba, 1975, Janar Murtala Muhammed ya zayyana jadawalin komawa mulkin farar hula, kuma duk da an kashe shi a watan Fabrairun 1976, jadawalin ya cika: a ranar 1 ga Oktoba, 1979, Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki.

Jajibirin sabuwar shekara sojoji suka kifar da Shagari a 1983, aka wayi garin 1 ga Janairu, 1984, da Janar Muhammadu Buhari a matsayin shugaba. Shi ma a cikin hutun Babbar Sallah aka ture shi, ranar 27 ga Agusta, 1985. A jawabin 1 ga Oktoba, 1996, Janar Sani Abacha ya sanar da ƙirƙiro jihohi shida, ciki har da Gombe da Zamfara da Nasarawa, jihohin Najeriya suka zama 36. Mutanen Gusau da Gombe da Lafiya sun kwana a wata jiha, sun wayi gari a wata.

Akwai kuma ranakun baƙin ciki. A bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, ranar 1 ga Oktoba, 2010, bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja, aƙalla mutum 12 suka rasa rayukansu. Bayan nan an shafe shekaru ana yin bikin a cikin fadar shugaban ƙasa, nesa da idon jama'a. A ranar 1 ga Janairu, 2012, aka tari 'yan Najeriya da cire tallafin man fetur, abin da ya jawo zanga-zanga a faɗin ƙasar.

Duk waɗannan abubuwa an ɗauke su a kyamara ko a na'urar naɗar murya. Ina suke yanzu? Ɗalibin sakandare a Gusau da yake son ganin lokacin da aka ambaci sunan jiharsa a karon farko, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Hutun da ba a san dalilinsa ba

Najeriya ba ta da ƙarancin ranakun hutu. Akwai sabuwar shekara, da Ista, da ranar ma'aikata, da 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba, da Kirsimeti da washegarinta, ga Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi. Jihohi da dama a Arewa sun ƙara da hutun sabuwar shekarar Musulunci. Ministan Harkokin Cikin Gida yakan fitar da sanarwa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, da kalmomin da kusan kowa ya haddace: a zauna lafiya, a yi wa ƙasa addu'a.

Ranakun addini ba su da matsala, domin masallaci da coci da gida suna koyar da ma'anarsu. Ranakun ƙasa ne marayu. Ba su da limami, ba su da fasto. Makaranta da kafafen watsa labarai ne ya kamata su riƙe su, kuma dukansu biyun sun yi sakaci. An cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare a wajajen 2009, sai a 2022 gwamnati ta sanar da dawo da shi. Alhali fiye da rabin 'yan Najeriya na yau an haife su ne bayan 1999.

A ɗauki ranar ma'aikata. Matasa nawa ne a Kano suka san cewa jiharsu ce, a zamanin gwamnatin PRP, ta ayyana 1 ga Mayu a matsayin ranar hutu a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1981?

Ko kuma 12 ga Yuni. Tun daga 2000 ana bikin ranar dimokuraɗiyya a 29 ga Mayu, har zuwa 2018 da Shugaba Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke. Wasu a Arewa har yanzu suna ɗaukar ranar a matsayin ta Yarabawa. Da za a riƙa nuna musu muhawarar da Cif MKO Abiola da Alhaji Bashir Tofa suka yi a talabijin gab da zaɓen, a kuma tuna musu cewa Abiola ya samu ƙuri'u masu yawa a Arewa, har ya kayar da Tofa a Kano, mahaifarsa, da tunanin ya sauya. Gani ya kori ji. Abin da minti goma na tsohon bidiyo zai koyar, jawabin awa guda ba zai koyar ba.

Da wa shugaban yake magana?

Matsala ta biyu ita ce harshe. Jawabin da aka ce na 'yan ƙasa ne, ana yin sa ne da harshen da miliyoyin 'yan ƙasar ba sa ji sosai, kuma cike da ƙididdigar tattalin arziki da ko masu digiri sai sun natsu. Manomi a Ɓatagarawa ko mai sayar da kifi a Baga sai dai ya jira labaran rana ko na yamma ya ji taƙaitaccen bayani a jimla uku ko huɗu. Kafin lokacin, wani a WhatsApp ya riga ya yi masa tasa fassarar, ya ƙara gishiri.

Ba muna cewa shugaban ƙasa ya yi jawabi da harshen ƙabilarsa ba ne. Mun ga ce-ce-ku-cen da aka yi a 2017, lokacin da Shugaba Buhari ya aiko da saƙon barka da Sallah da Hausa daga Landan, inda waɗanda ba sa jin harshen suka ce an ware su. Suna da hujja. Maganin shi ne fassara: a yi jawabin da Turanci, amma a daidai wannan lokaci a watsa cikakkiyar fassararsa da Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri da Tibi da Turancin buroka, tare da mai fassara wa kurame.

Wannan ba wani abu ne mai wuya ba. An riga an naɗi jawabin kafin a sako shi. NTA tana da tashoshi na musamman na Hausa da Yarabanci da Ibo. Rediyon Najeriya Kaduna ya shafe fiye da shekara 60 yana fassara labarai, yana kuma da ƙwararru. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 55, ya amince a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da manyan harsunan nan uku idan an yi tanadi. Abin da mai majigi ya yi a ƙofar fada shekara sittin da suka wuce bai kamata ya gagari gwamnatin da ke da tauraron ɗan Adam ba.

Kaset ba ya jira

Matsala ta uku ita ce ta fi gaggawa. Yawancin abin da tashoshinmu suka ɗauka daga shekarun 1970 zuwa farkon 2000 yana kan kaset ne, irin su U-matic da Betacam da VHS. Kaset yana da iyakacin rai. Zafi yana narkar da shi, laima tana sa masa fumfuna, ƙura tana cinye shi. Na'urorin da ke karanta shi an daina ƙera su, injiniyoyin da suka iya gyara su kuma suna ta ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ga kuma tsohuwar al'adar gidajen talabijin a ko'ina a duniya: saboda tsadar kaset, akan goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa.

Misalai biyu sun isa su nuna abin da ake asara da kuma abin da za a iya cetowa.

A 2013, BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na wani tsohon wasan kwaikwayonta mai suna Doctor Who, waɗanda ita kanta ta ɗauka sun ɓace har abada. A ina aka same su? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Wani Bature ne ya taso takanas yana bin ɗakunan ajiya na ƙasashen Afirka har ya dace. Su sun zo har gidanmu neman tarihinsu. Mu wa muka tura ya nemo namu?

Na biyu shi ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. An shafe shekaru ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka tsinci faya-fayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar fina-finai a Legas. Wata cibiya a Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Abin farin ciki ne, amma kuma abin kunya ne a ce fim ɗin Hausa daga littafin Firayim Ministanmu na farko sai da baƙi suka sa hannu kafin ya sake ganin haske.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya rasu a 2023. Abin da matasa ke gani na ayyukansu a intanet yawanci guntaye ne masu dishi-dishi da wani ya kwafo daga tsohon kaset ɗin gidansu. Haka abin yake ga hotunan hawan Sallah na shekarun baya. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, a daidai lokacin da ake ta dakatar da hawan saboda rikicin sarauta da dalilan tsaro. Idan yaro bai ga hawan a titi ba, bai kuma gan shi a allo ba, a ina zai san shi?

Masu cewa ba wannan ne a gabanmu ba

Za a samu mai cewa ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, wa yake ta tsohon kaset? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Bankin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma wanda bai ci ba, ba ya sha'awar fareti.

Amma kuɗin da ake buƙata don kwafe kaset zuwa kwamfuta bai kai abin da ake kashewa a liyafa da tallan taya murna na rana ɗaya ba. Kuma hanya ko asibiti idan ba a gina bana ba, ana iya ginawa baɗi. Kaset idan ya mutu, ya mutu ke nan.

Bayan haka, tarihin da aka adana makami ne a hannun talaka. Da a ce duk jawaban 1 ga Oktoba daga 1960 zuwa yau suna wuri ɗaya, da fassararsu, kowa zai iya buɗe wayarsa ya ga sau nawa aka yi alƙawarin wadatacciyar wutar lantarki, sau nawa aka ce matatun mai za su fara aiki, sau nawa aka ce an kusa gamawa da 'yan ta'adda. Ɗan siyasar da ya san za a dawo masa da maganarsa da muryarsa da fuskarsa zai riƙa tauna ta kafin ya furta.

Wani kuma zai ce zamanin talabijin ya wuce. Akwatin ne kawai ya rage daraja, kallo bai ragu ba. Yadda mutane ke bin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, a talabijin da kuma YouTube, ya nuna cewa idan shiri ya yi ma'ana kuma da harshen mutane aka yi shi, za su neme shi duk inda yake. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tashoshin gwamnati ne ya kamata su bi jama'a zuwa cikin waya.

Akwai kuma fargabar cewa gwamnati za ta mayar da irin wannan shiri farfaganda, ta nuna abin da ya yi mata daɗi ta ɓoye saura. Wannan fargaba gaskiya ce, shi ya sa bai kamata a bar aikin a hannun masu riƙe da muƙaman siyasa su kaɗai ba.

Abin da muke kira a yi

Na farko, Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Tarayya da gwamnatocin jihohi su sa a ƙirga duk wani kaset da faifai da ke tashoshin NTA da na jihohi, musamman tsofaffin tashoshi irin na Kaduna da Ibadan da Inugu da Jos da Kano da Sakkwato da Maiduguri, a fitar da jerin kowa ya gani. Abin da ba a san da shi ba, ba a sanin ranar da ya ɓace.

Na biyu, a ware kuɗi na musamman don kwafe su zuwa kwamfuta, a fara da waɗanda suka fi tsufa. A jawo Taskar Adana Fina-finai da Sauti ta Ƙasa da ke Jos, da Gidan Arewa da ke Kaduna, da sassan tarihi da aikin jarida na jami'o'i, su sa ido. A kuma nemo tsofaffin ma'aikatan tashoshin tun suna raye, domin su ne za su iya cewa wannan wane ne, a ina aka ɗauka, a wace shekara.

Na uku, abin da aka kwafe a sa shi a intanet kyauta ga ɗalibai da malamai da duk mai so, cikin tsarin da ba ya cin data da yawa. Dukiyar jama'a aka kashe wajen ɗaukarsa.

Na huɗu, fadar shugaban ƙasa da gidajen gwamnatocin jihohi su mayar da fassarar jawabin ranakun ƙasa wajibi, a murya da rubutu, a sake ta lokaci ɗaya da na Turanci.

Na biyar, hukumar NBC ta ƙarfafa wa tashoshi, na gwamnati da masu zaman kansu, su ware aƙalla awa ɗaya a kowace ranar hutun ƙasa don shirin da ke bayyana asalin ranar da harshen yankin, a gayyato masana da waɗanda suka ga abin da idonsu, har da masu ra'ayin da bai yi wa gwamnati daɗi ba.

Na ƙarshe ya shafe mu duka. A gidaje da yawa akwai kwali ko tsohuwar akwati cike da kaset ɗin da mahaifi ya naɗa daga talabijin: hawan Daushe, tafsirin azumi, rantsar da gwamna, wasan kwaikwayo. Mai yiwuwa kwafin da ke gidanku shi kaɗai ya rage a duniya. Kada a zubar, kada a ba yara su yi wasa da zaren. A ajiye shi a inda babu zafi da laima, a nemi masu kwafewa, a kuma sanar da ɗakin karatu ko jami'a mafi kusa.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Waɗanda suka kafa tashar Kaduna a 1962 sun yi haka ne a lokacin da masu akwatin talabijin a Arewa ba su taka kara sun karya ba, saboda sun hango amfaninsa ga na baya. Mu ne na bayan. Mafi ƙarancin abin da za mu yi shi ne mu adana abin da suka bari, domin idan 1 ga Oktoba ta zagayo yaro ya tambayi dalilin da ya sa yau babu makaranta, a samu abin da za a nuna masa.